Gidan Kowa Da Akwai, Har Gida Mai Taya

"Me take cewa ne, ɗan nan?"

Karo na uku ke nan Kawu yana tambayata. Muna tsaye a filin wani kamfanin hayar motoci a bayan garin Finiks na jihar Arizona, ranar farko ta hutun makaranta na ƙarshen shekara. Yarinyar da aka haɗa mu da ita ta riga ta nuna mana gadaje da murhu da firji da inda ake tayar da janareta, ina fassarawa Kawu yana gyaɗa kai. Sai ta zagaya da mu gefen hagu na motar, ta tsuguna kusa da tayar baya, ta zaro safar hannu ta roba, ta nuna wasu mariƙai biyu, ɗaya baƙi ɗaya ruwan toka, ta ci gaba da zuba kamar an kunna rediyo. Babu kalmar da ta wuce ni. Bakina ne ya yi nauyi. Ta yaya zan dubi ƙanin mahaifiyata, mutumin da ya riƙe ni shekara shida ina sakandare a Kano, in ce masa darasin kwasar masai ake ba mu?

Na ce, "Kawu, bayanin ruwa take yi."

Ya ce, "Wane irin ruwa ne sai da safar hannu?"

Uwargida ta juya baya tana danne dariya, ta ja yara suka shige mota. Ni kuwa kunya ta sa na yi ta ce wa yarinyar "na gane, na gane" don ta gama mu tafi. Mako guda bayan nan na biya kuɗin wannan "na gane" ɗin da hancina.

Motar irin wadda Amurkawa ke kira RV ce, mu a gidanmu muna ce mata gida mai taya. Tsawonta ya kusa mita tara, mu biyar ta ɗauke mu: ni, da uwargida, da yaranmu biyu, da Kawu da ya zo mana ziyarar wata biyu. A ƙarƙashin daɓenta akwai tankuna uku. Na farko na ruwa mai tsabta ne, galan 40, wato wajen lita 150, kamar jarka shida ta ɗan garuwa. Na biyu shi ne mai mariƙi ruwan toka, can ruwan wanke-wanke da na wanka suke taruwa. Na ukun shi ne baƙin tanki, yana daidai ƙarƙashin ban ɗaki, kuma namu bai wuce jarka huɗu ba. Sai da muka hau babbar hanya mai lamba 10 muka miƙa yamma, na ga babu mai kallon fuskata sai kwalta, sannan na samu bakin yi wa Kawu wannan bayani.

Ya yi shiru kamar mil uku. Can ya ce, "Wato abin da muka yi yau, da shi za mu kwana, da shi za mu tashi gobe?"

"Da shi, Kawu."

"Muna cin abinci yana ƙarƙashinmu?"

"A rufe yake ruf, Kawu."

"To madalla. Ni dai sallata a waje."

Da muka tsaya shan mai ya shiga ya duba ban ɗakin da kansa. Ba irin na gida ba ne mai tankin ruwa a baya. Feda ce a ƙasa: ka taka rabi, ruwa ya taru a kwanon, ka taka duka, wani murfi ya buɗe a gindin kwanon, komai ya faɗa tanki kai tsaye, babu lanƙwasar bututu ko ɗaya. Ɗan ruwan da ake bari a kan murfin shi ke tare wari, sai wani siririn bututu da ya haura rufin mota yana fitar da iska. Kawu ya taka, ya leƙa, ya sake takawa, ya fito ya ce, "Ashe masai ne ya yi boko." Ya ciro butarsa da ya taho da ita tun daga Kano a cikin akwati, ya ajiye ta a gefen feda.

Zangonmu na farko Quartzsite ne, tafiyar awa biyu daga Finiks, ana dab da shiga Kalifoniya. Mazaunan garin na dindindin ba su kai dubu uku ba, amma da hunturu ya kama sai dubun-dubatar motoci irin tamu su malalo daga jihohin arewa da Kanada, yawanci 'yan fansho masu gudun dusar ƙanƙara, su baje a hamada kamar mashekarin Fulani. A kudancin garin akwai wani fili na gwamnatin tarayya da ake kira La Posa, inda daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu mutum zai yanki takarda ya zauna, ko ta ɗan gajeren lokaci ko ta dukan lokacin. Babu wutar lantarki, babu famfo a ƙofar kowa. Tsakuwa ce da ƙaya da murtsunguwa masu tsayin mutum uku, sai duwatsu can nesa da kan koma ja idan rana za ta faɗi.

Abin da ya kai ni garin, ban da arha, wani kabari ne. A 1856 da 1857 sojojin Amurka sun shigo da raƙuma ta jirgin ruwa don su gwada su a wannan hamada, suka taho da masu kiwonsu daga ƙasashen daular Usmaniyya. A cikinsu akwai wani Hadji Ali, wanda bakin sojoji ya kasa faɗin sunansa suka mai da shi Hi Jolly. Yaƙin basasa ya zo ya watsa shirin, aka sayar da wasu raƙuman, wasu suka bazama daji, shi kuwa ya zauna a yankin har ya rasu a Quartzsite a 1902. A 1935 hukumar hanyoyi ta jihar ta gina masa wata 'yar dala ta duwatsu a kan kabarinsa, da siffar raƙumi na ƙarfe a ƙololuwa. Na karanta wa Kawu allon. Ya cire takalmi, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa. Ya ce, "Alhaji Ali. Allah sarki. Ko wa ya yi masa salla?"

Ni duk fargabata a kan baƙin tanki take, ashe ɗan hakin da na raina ne zai tsone mini ido. Daren kwana na biyu, bayan isha'i, uwargida tana wanke tukunyar miya sai 'yarmu ta ƙwalla kira daga ban ɗaki. Ruwa ne yake ɓulɓulowa daga magudanar wurin wanka, launinsa kamar tsohon kunu, da ɓarɓashin shinkafa da idon mai a kai. Tankin ruwan wanke-wanke ya cika, kuma da yake wurin wanka ne magudana mafi ƙasa a motar, ta nan yake amayowa. Warinsa ya ba ni mamaki. Wanda bai taɓa shaƙar ruwan maiƙo da ya kwana biyu a rufe ba zai ɗauka na masai ne kaɗai abin gudu. Zubar da shi a ƙasa kuma dokar wurin ta hana.

Muka zauna lissafi. Manya uku, alwala sau biyar ko da muna haɗa salloli, ni da uwargida kowa ya saki famfo yana gudu har ya gama wanke ƙafa. Ga wankan yara, ga girki irin namu da ba ya yiwuwa sai da tukunya uku. Kawu, wanda duk alwalarsa a waje yake yi da rabin buta, ya dube mu ya ce, "Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da mudannabi ɗaya yake alwala, da sa'i ɗaya yake wanka. Ku kun zo Amurka kun koyi sakin famfo." Daga daren nan alwala ta koma waje. Kwanuka kuma sai an goge maiƙonsu da takarda kafin su ga ruwa, a wanke su a cikin roba, a juye ruwan a masai tunda can akwai sauran wuri.

Da safe muka nufi wurin juye tanki. Layi muka tarar, mota goma sha wani abu a gabanmu, kowa ya kashe inji yana shan kofi. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba duk shekarun da na yi a ƙasar. Motar da ke gabanmu girman bas ɗin safa ce, tana ƙyalli, kuɗinta zai sayi gida a unguwarmu ta Finiks har a samu canji. Da layi ya zo kanta sai ga wani dattijo fari tas ya sauko, ya ɗaure gwiwa da wani matashi na roba, ya sa safa, ya durƙusa a kan siminti mai danshi ya ja tiyonsa, yana fito da baki kamar mai ban ruwan fulawa. A gefe guda wasu na janyo ƙananan tankuna masu taya, shuɗɗa, a bayan a-kori-kura, don kada su tayar da gidansu kacokan. Wata motar tanki kuma tana zagaya fili tana zuƙe wa masu biya. Na faɗa wa Kawu sunan da suke kiranta da shi: motar zuma. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Mu ma ai namu ba mu kiran abin da sunansa. 'Yan gidan kowa da akwai muke cewa."

Dattijon nan da ya gama bai tafi ba. Ya ga yadda nake juya tiyo kamar wanda aka miƙa wa maciji, ya matsar da motarsa ya dawo da ƙafa. Tiyon mai faɗin inci uku ne, yana miƙewa yana naɗewa, bakinsa da wasu kunnuwa da ake murɗawa su kama bakin bututun mota. Ya ce kafin in cire murfin bututun in tabbata mariƙan biyu a tura suke har ƙarshe, kuma in kauda fuskata, don akwai ɗan abin da kan taru a bayan murfi. Ya yi gaskiya. Na murɗa tiyo ya kama, na cusa ɗaya bakin a ramin da ke ƙasa, ya turo mini wani dutse da ƙafa in danne shi. Sai ya ce in fara jan mai ruwan toka na ɗan lokaci kaɗan in mayar, gwaji ke nan: in akwai inda yake yoyo, gara ruwan sabulu ya nuna maka da ɗayan ya nuna maka. Sannan na ja baƙin.

Tiyo ya yi tsalle ya kumbura, na ji ƙarar abin yana wucewa kamar ruwan sama a lambatu. Minti biyu ko uku ya lafa. Na tura mariƙi, na shiga na juye bokiti biyu na ruwa a masai, na fito na sake ja. Bayan haka ne aka saki ruwan wanke-wanke gaba ɗaya, shi ya bi ya ɗauraye tiyon daga ciki, dalilin da ya sa kullum shi ne na ƙarshe. A cire bakin da ke jikin mota tukuna, a ɗaga shi sama a bi da shi har rami don ragowar ta tsiyaye. Akwai famfon ɗauraya a wurin da allo a jikinsa cewa ba na sha ba ne. Dattijon ya riƙe hannuna ya nuna farin tiyonmu na ruwan sha, ya ce wannan kada ya kusanci wurin nan, kada ma su kwana a akwati ɗaya da wancan. Motarsa tana da wata kafa ta musamman da ake jona ruwa ya fesa cikin tankin ya wanke bangonsa. Ya ce wanda ya jona, ya rufe bawul, wato ƙofar tankin da mariƙi ke buɗewa, ya tafi amsa waya, zai dawo ya tarar abin ya cika ya fito ta masai, ko ya haura bututun iska ya zubo ta rufi.

Kawu yana tsaye can gefe, hannu a baya, bai ce uffan ba. Sai da muka hau hanya ya ce, "Shekara arba'in ina kiran 'yan gidan kowa da akwai gidana. Da dare suke zuwa. Kuɗinsu ma a ƙasa nake ajiye musu." Ban san amsar da zan ba shi ba, na ƙara wa rediyo murya.

Daga nan muka bi hanya mai lamba 95 arewa, gefen kogin Kolorado, zuwa garin tafkin Habasu. Abin kallon garin wata gada ce da aka gama ginawa a Landan a 1831, wani attajiri ya saye ta a 1968, aka kwance duwatsunta aka sa musu lamba, aka sake ɗora su a nan aka buɗe a 1971. Kawu ya taka ta ya dawo, ya ce in dai da kuɗi ashe har gada ana sayowa kwance. Muka kama wuri a wani sansani na biya, irin wanda kowace mota ke da wutarta da famfonta da raminta a gefe. Bayan kwana uku a hamada, wannan aljannar duniya ce. Kuma a nan ne wayona ya motsa. Na ce tunda ga rami a ƙofa, me zai sa in riƙa tara ƙazanta ina jiran ta cika? Na jona tiyo, na ja mariƙan biyu na bar su a buɗe. Har na yi wa Kawu albishir cewa yanzu babu abin da ke kwana a ƙarƙashinmu.

Kwana uku lafiya lau. Ranar na huɗu da safe ɗana ya fito ya ce abin ya ƙi tafiya. Na taka feda, murfi ya buɗe, ruwa ya tsaya cak. Na kunna fankar silin don in rage wari, ashe ƙara janyo shi take daga tanki zuwa cikin ɗaki. Cikin minti biyar kowa ya fice da kofin shayinsa a hannu.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce daga Minesota, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, ita kaɗai a motarta da wani ƙaramin kare. Ta dubi taronmu, ta dubi gefen motar, ta ga baƙin mariƙi a zare. Ba ta tambayi komai ba sai, "Kwana nawa?" Na ce huɗu. Ta ce in kashe ruwa, in taka feda, in haska tocila. Na haska. Abin da na gani ba zan siffanta shi duka ba. Tudu ne ya taso daga gindin tanki, mai faɗi a ƙasa mai tsini a sama, har ya toshe bakin bututu. Ta ce sunansa a wurinsu dala, kuma kusan duk sabon shiga sai ya gina tasa. Dalilin a fili yake, ni ne ban tsaya na yi tunani ba. Gindin tankin kusan a shimfiɗe yake. In bawul a buɗe yake, ruwa na sauka zai tsiyaye ya tafi abinsa, mai nauyin da takarda su zauna daidai inda suka faɗa, su bushe, na gobe ya hau kan na yau. Abin da ke kwashe su shi ne ƙarfin ruwa mai yawa da aka saki lokaci guda, shi ya sa ba a juyewa sai tanki ya kai kashi biyu cikin uku. Na ruwan wanke-wanke ana iya barinsa a buɗe, shi ma a rufe shi kwana ɗaya kafin juyi don a samu na ɗauraya.

Na fassara wa Kawu, wannan karon ban rage komai ba. Ya ce, "Ikon Allah. Ina yaro na ga dalar gyaɗa da idona a Kano. Makon nan na ga ta Alhaji Ali. Wannan ce ta uku, kuma ɗan 'yar'uwata ne ya gina ta."

Rushe ta ya ci yini da kwana. Na tura mariƙi na rufe. Tsohuwar ta ara mini wata sanda ta roba mai feshin ruwa ta gefe, muka shigo da tiyon ɗauraya ta taga, na zura sandar ta bakin masai ina juyawa har hanya ta buɗe. Ta hana ni taɓa ƙarfe, ta hana ni zuba irin sinadarin nan mai ƙarfi na buɗe kwata, ta ce na farko zai iya huda tanki, na biyu zai cinye robar bawul. Ruwan zafi ne kawai, tukunya bayan tukunya, da sabulun wanke-wanke, har tanki ya kusa cika, aka bar shi ya jiƙa. Ranar nan ban ɗakin sansani muka yi ta zarya. Washegari ta ba ni wata gwiwar bututu mai gani-har-hanji na saka tsakanin mota da tiyo, don a ga abin da ke fita. Sau uku ina cikawa ina saki kafin ruwan ya fara fitowa garau. A juyi na biyu ne na ga wasu fararen ƙyallaye suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu ƙalau kamar an wanke za a shanya. Jiƙaƙƙun tishun goge yara ne. Na waiga, uwargida ta sunkuyar da kai ta ce, "Abban yara, ai a jikin ledar an rubuta ana iya jefawa." Tsohuwar ta ce rubutu daban, tanki daban.

Ta kira yaran ta yi musu gwaji. Kwalba biyu da ruwa, ɗaya ta saka tishu mai kauri irin na gidanmu, ɗaya mai falle ɗaya. Ta girgiza kowace kaɗan. Mai falle ɗayan ya watse ya zama kamar koko, ɗayan yana nan a dunƙule. Sannan idonta ya faɗa kan butar Kawu. Ta ɗaga ta tana juyawa, ta ɗauka ta shayi ce. Na yi mata bayani a kunyace. Ta ajiye ta da sauri, amma sai ta ce a shekarun da ta yi a hanya ba ta ga abin da ya dace da baƙin tanki kamar wannan ba: ruwa da yawa, takarda kaɗan, abin da suke ta roƙon mutanensu ke nan suna ƙi. Yaranmu da aka haifa a nan, waɗanda kullum sai an yi faɗa kafin su ɗauki buta, suka tsaya suna kallonta. Kawu ya ce wa ɗana, "Ka ji ko, maigida? Ni na faɗa ba ka ji ba, to ga Baturiya ta faɗa."

Akwai wani allo a bangon motar mai fitilu da ke nuna cikar kowane tanki. Bayan duk wannan wanki, na baƙin ya ci gaba da nuna kashi biyu cikin uku. Wasu 'yan kusoshi ne a jikin bangon tankin, in ruwa ya taɓa su fitila ta kama, to in guntun takarda mai danshi ya maƙale a kai, haka za ta yi ta ƙarya. Masu motocin ba su cika yarda da allon ba. Kunne suke sawa: in ka taka feda ka ji masai ya yi gyatsa, lokaci ya yi. Bayan kowane juyi kuma ba a barin tanki a bushe, sai an zuba galan uku ko huɗu na ruwa da ɗan ƙunshin magani. Na da, shuɗin nan, yawancinsa da fomalin ake yi, irin na adana gawa, yana kashe wari amma yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta a shaddar sansani. Kalifoniya ta hana sayar da irinsa tun farkon 2022. Wanda muka saya mai ƙwayoyin narkarwa ne. Na tambayi tsohuwar batun zuba ƙanƙara a tanki a yi tafiya da ita don ta kankare bango, kamar yadda na gani a intanet. Ta ce in kai ƙanƙarar cikin lemo.

Muka hau hanya mai lamba 40 gabas, ta Kingman da Seligman, kusan sawun da raƙuman su Alhaji Ali suka bi a 1857 lokacin da ake auna hanyar keken doki a arewacin Arizona. Ƙasa ta yi ta hawa, murtsunguwa suka ɓace, dogayen itatuwa suka karɓe su. A Williams muka karkata arewa zuwa Grand Canyon. Ba zan tsaya siffanta shi ba, hoto ma ya kasa: rami ne mai tsawon kilomita 446, zurfinsa ya haura kilomita ɗaya da rabi, kogin Kolorado can ƙasa kamar zare. Kawu ya tsaya a bakinsa ya yi ta tasbihi har na ji tsoron kada sanyi ya kama masa ƙirji.

Bakin ramin na kudu yana kan tudun mita 2,100 ne, kuma daren ƙarshen Disamba a can ruwa daskarewa yake. Tun a Williams na sayi wani ruwa mai launin hoda da ake zubawa a tankunan ƙazanta don kada su ƙanƙare, ba irin na injin mota ba, wannan an yi shi ne don bututun gida. Na zuba, amma da alama na yi rowa. Da asuba na farka na ji motsi. Kawu ne ya shimfiɗa dardumarsa a tsakar motar, tsakanin firji da tebur, ya fuskanci arewa maso gabas inda alƙiblar can take. Da ya sallame ya ga ina kallonsa. Ya ce, "Na yi nazari. Mai gidan bene ai yana salla a sama, shadda na ƙasa. Jikina da tufana da wurin sujadata duk da tsarki." Na ce haka ne, Kawu. A waje dusar ƙanƙara ta rufe butar da ya manta a bakin ƙofa, ruwan cikinta ya zama dutse.

Da hantsi muka je wurin juyi, baƙin mariƙi ya ƙi motsi. Na sa ƙarfi, sai na tuna roba ce, kuma in ta karye a wannan sanyi abin da zai biyo baya ba na faɗa ba ne. Na mai da mota inda rana ke bugun gefen hagu, na naɗe bawul ɗin da tawul da na tsoma a ruwan ɗumi, muka tafi kallon rami. Bayan azahar na ja da yatsa biyu ya taho.

Sharaɗin masu haya shi ne a mayar da mota tankuna a juye, in ba haka ba a cire tara daga kuɗin ajiya. Muka gangaro ta Flagstaff, muka tsaya a wani babban gidan mai na 'yan tirela kafin Finiks, inda ake biyan kuɗi kaɗan a buɗe maka rami. Na sa safa na murɗa tiyo, na duba ko'ina babu dutsen dannewa. Ina cikin waige-waige sai na ga Kawu ya naɗe hannun rigarsa, ya zari safa biyu daga kwali, ya taka bakin tiyon da takalminsa ya riƙe gwiwar da hannu.

Na ce, "Haba Kawu, ku bari mana."

Ya ce, "Ja mai tokar tukuna ka mayar. Kada ka sake yi mana wayo."

Ranar da zai koma gida ina taya shi auna kaya, akwati ya haura da kilo ɗaya da rabi. Na buɗe in ga abin da za a rage. A ƙarƙashin shaddodin tsaraba na tarar da ragowar kwalin safarmu, da wasu sababbi uku masu kauri masu kaiwa gwiwar hannu, rasit ɗinsu na nan a manne. Na ɗaga ɗaya na dube shi. Ya karɓe ya mayar, ya ciro kwalaben turare biyu ya miƙo mini, ya ce waɗannan su za a bari.